Tsagar Goggo a Bangon Faifai

Goggo ta cika da hantsi, ranar kasuwar Ibohaman, tana jingine da kafaɗata ina ba ta ruwa da ludayi. Na Allah muke, kuma wurinsa muka nufa. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar gida ya cika har bakin rumbuna. Dangi na Buza suka zo a kan babura, na Babban Katami suka biyo motar kasuwa, makiyayan bayan dutse suka durƙusar da raƙumansu a gindin aduwa suka zauna cikin maza a ƙofar gida. Duk wanda ya shigo ya tambaye ni haƙuri, in amsa masa da godiya.

Amma ni dai ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. A tsakar gida, cikin mata, wata salula ce take yawo daga hannu zuwa hannu a ƙarƙashin mayafai. Na san abin da ke cikinta. Hoton bangon faifan waƙa ne na jikar Goggo, wadda take waƙa a Faransa. Fuskar yarinyar ce, ta yafa baƙin zane, kuma a kumatunta na hagu an zana tsaga ɗaya irin wadda ke fuskar Goggo.

"Wallahi awa Goggo tana budurwa," in ji matar ƙanena.

"Ke dai bari," wata ƴar'uwarmu ta Buza ta amsa mata, ita ce kuwa bakinta ba ya hutawa. "Tun da hoton ga yaf fita tsohuwa ba ta ƙara lahiya ba. Duniya duka ta sa mata ido. Kambun baka ba ƙarya na ba."

"An ce har an rubuta wai Goggo gimbiya ta."

"Gimbiyar ina?"

Suka danne dariya da bakin mayafi, sai ɗaya ta tuna inda take ta ja salati. Da salular ta iso gaban ƙawar Goggo, tsohuwar makiyaya da suka shekara da shekaru suna musayar nono da hatsi, sai ta ture ta da bayan hannu ta ci gaba da jan carbinta.

Da yamma aka bugo daga Yamai cewa jikar tana hanya, za ta iso ranar sadakar uku, kuma tare take da mutumin nan mai ɗaukar mata hoto. Nan take na ji zuciyata ta tafasa. Sun ɗauki muryar Goggo, sun ɗauki tsagarta, sun laƙaba mata sarautar ƙarya. Abin da ya rage mata nata na kanta shi ne makokinta da ainihin labarinta, na kuwa rantse ba za a yi talla da su ba ina numfashi.

Gara in faɗa tun yanzu, ni mai zargi ce. Na daɗe ina sayar da albasa a Madawa, kuma wadda ba ta zazzage buhu ta duba ƙasansa, ruɓaɓɓiya za ta kai gida. Goggo yayar mahaifina ce, ita ta ɗauke ni riƙo tun daga yaye, a ɗakinta na girma, daga ɗakinta aka kai ni aure. Da maigidana ya rasu na dawo na zauna da ita har ƙarshe. Saboda haka in na ce na san ta, ba a salula na san ta ba.

Goggo ƴar wabi ce. Kafin a haife ta, uwarta ta yi ta haihuwa tana binnewa, babu wanda ya kai yaye. Da aka haifi Goggo, sai tsofaffin gida suka yi abin da ake yi a garinmu a wancan zamani. Kafin suna aka ɗauke ta aka kai juji aka kwantar kan toka da ɓawon gyaɗa, kowa ya juya baya ya tafi. Wata maƙwabciya ta biyo ta wurin ta tsince ta, ta kawo ta gida a matsayin tsintuwa. Sannan aka kira wanzami aka ce ya yi mata tsaga ɗaya daga gefen hanci zuwa kumatu, kuma kada ya kuskura ya miƙar da ita. Da gangan aka karkatar, da gangan aka munana. Nufinsu in mutuwa ta leƙo ta ga abin juji, mai tabo, wanda ba kowa ke so ba, ta wuce abinta. Malamai sun hana wannan yanzu, Goggo kuma ba ta taɓa musu da su ba.

"Allah yab bar ni, ba aska ba," take cewa. "Amma innata ta yi iyakat ta, kuma shaida na nan bisa huskata."

Baƙo ba ya jin wannan daga bakinta. In yara suka tambaye ta me ya same ta, sai ta ce kaza ce ta yakushe ta don ta sace mata ƙwai. Ba ta da madubi, da laluben hannu take ɗaura kallabi, kuma kullum a karkace yake fitowa. In na ce bari in gyara mata, sai ta buge mini hannu ta ce ai ya dace da fuskar.

Akwai wani hali nata da sai na girma na gane shi. Duk macen da ta yi ɓari ko ta binne jariri a garin nan, Goggo ba ta zuwa cikin ƴan gaisuwa. Sai an watse, kowa ya koma harkarsa, ranar da matar take zaune ita kaɗai tana kallon bango, ranar Goggo za ta shiga. Ba ta cewa a yi haƙuri. Za ta nemi inda hatsi yake ta ɗiba, ta durƙusa gaban dutsen niƙa ta fara niƙa tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ta dama fura ta ajiye, ta tafi. Gobe ta dawo. Haka za ta yi ta yi har ranar da matar za ta taso ta karɓe ta niƙan da kanta. Mata da yawa da suka zauna a makokinta sun sha wannan furar, ciki har da mai bakin nan ta Buza, lokacin da take aure a garinmu.

Waƙa kuwa ba sana'ar gidanmu ba ce, Goggo ba ta taɓa roƙo ba. A wurin aiki muryarta ta yi suna. Shekarun da mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a kai ana jera su a gindin tsaunuka don tare ruwa, ita ce mai bayarwa, sauran suna amshi. Nan take take ƙirƙira. Ta yi wa shugaban aiki waƙa kan hularsa, ta yi wa mazan da suka tafi cirani suka bar mata da dutse, ta yi wa jakin da ya fi mai shi hankali. An ce har daga wajen Kaita ana aikowa a tambaya wane gefe za ta yi aiki, don mata su nemi a kai su can.

Ɗanta na fari, taubashina, shi ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya zauna Yamai. Ƴarsa ce ta tafi Faransa karatu ta ɓuge da waƙa. Bara waccan bayan girbi sai ga ta a mota, ita da mai hoton. Ɗan Yamai ne, da tabarau da wata riga mai aljihuna rututu. Yana sauka ya ce mini Hajiya. Ni ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Duk wanda ya ba ka girman da ba naka ba tun kafin ya sha ruwan gidanka, akwai abin da ya zo ɗauka, don haka tun a nan na sa masa ido.

Yarinyar kam ta durƙusa ta gaida kakarta yadda ya kamata, Goggo ta jawo ta tana ce mata ƙawata, irin wasan kaka da jika. Ta ce waƙar da take yi sunanta jaz, ta kunna mana a salula. Goggo ta karkata kai tana saurare. Wani yana busa dogon ƙaho na ƙarfe, wani yana kaɗa ganga, kowa da inda ya dosa.

"Wanga mai ƙahon, mura shi ka yi?" Goggo ta tambaya.

Yarinyar ta yi dariya har da hawaye. Goggo ta ɗaga hannu a yi shiru, ta saurara har ƙarshe.

"To, ba laihi. Kowa ya bi gona tai, amma sun san lokacin da za su gamu bakin rijiya."

Washegari Goggo ta durƙusa gaban dutsen niƙa, yarinyar ta ajiye na'urarta a gefe. Goggo ta bayar, jika ta amsa da wata murya mai santsi da ke hawa tana gangarowa ta inda ba ka zata ba. Ba zan ɓoye ba, waƙar ta kama ni. Na tsaya da tsintsiya a hannu har suka gama.

Da aka zo hoto ne abu ya ɓaci. Mai hoton ya buɗe jaka ya fito da sabon turkuɗi yana ƙyalli, ya ce Goggo ta yafa. Ya sa aka kawar da bokitin roba da rediyo, ya ture takalman Goggo bayan randa, ya ce a kawo ƙwarya da tulu. Ya tambaya ko akwai tudun rairayi kusa. Na ce masa nan Adar ce, dutse muke da shi, in yana so ya ɗiba. Ya ce to a samo raƙumi.

"Hajiya, ki gane," ya ce mini. "Turawa in sun ji Nijar, rairayi da raƙumi da shuɗi suke son gani. Ido ke fara saye kafin kunne. In bango bai kama mutum ba, ba zai taɓa jin abin da ke ciki ba."

Ƙawar Goggo tana zaune ta kawo nono. Da ta ga yadda ya naɗa wa Goggo turkuɗin a kai sai ta fashe da dariya, ta yi wata magana da yarensu, sannan ta juya ta ce da Hausa ko su masu abin ba haka suke ɗaurawa ba. Bai kula ta ba, don a lokacin idonsa ya faɗa kan tsagar. Ya matso da na'urarsa, ya sa yatsu ya kama haɓar Goggo zai juya ta wajen haske. Goggo ta laluba gefenta ta ɗaga muciya.

"Ɗan nan, ɗauke hannunka. Murya nib ba ƙawata. Huskag ga ba ta talla ta ba."

Ya ja da baya yana murmushi yana ba da haƙuri. Murmushin ne ban so ba, don bai yi kama da na wanda ya haƙura ba.

Da la'asar ranar Goggo ta aike ni can ƙarshen gari in karɓo mata kanwa, alhali da kanwa a gidan, ni na saya. Da na dawo na tarar an saki labulen ɗakinta, ita da jikar suna ciki. Yarinyar ta fito ta rufe rabin fuska da mayafinta, idonta ja wur. Na ce a raina, an shiga an yi wa tsohuwa kukan da za a raba ta da wani abu. Da suka tafi kuwa na duba akwati, baƙin zanen Goggo na saƙi, wanda ta gada wurin uwarta, babu shi. Ranar muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba.

"Ta sace miki zane!"

"Ni nib ba ta."

"Goggo, mutanen ga saida ki za su yi awa albasa."

"Ke kin taɓa jin wanda yas sayi tsohuwa?" ta ce. "Ke komi sai kin zazzage shi kin duba ƙasa. Wani buhun ba naki na ba, ɗiyata. Bar shi ɗamre."

Na ce ai shi ke nan, tun da ƴar Faransa ta zo mu mun zama bare. Maganar ta yi mata zafi. Ta ɗauki sandarta ta tafi wurin ƙawarta, can ta ci tuwo, sai washegari ta yi mini magana, shi ma don ta tambaye ni inda na ajiye mata goro.

Bayan watanni malamin lakwal na garinmu, wanda muke ce wa mushe, ya shigo da salularsa ya ce faifai ya fito. Ya nuna mana bangon. Ga yarinyar cikin zanen Goggo, ga rairayi a bayanta da ban san inda suka samo shi ba, ga tsaga a kumatu. Ya karanta mana abin da aka rubuta da Faransanci yana juyawa: wai mawaƙiyar jikar wata gimbiya ce ta Adar, wai tsagar alamar gidan sarauta ce da ake gada daga kaka zuwa jika. Na kalli Goggo ina jiran ta yi dariya ko ta yi zagi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta karɓi salular ta kawo dab da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Sun miƙe ta," ta ce.

"Mi, Goggo?"

"Tawa karkatatta ta. Wagga sun gyara ta hat ta yi kyawo. Mai kyawo ba ta aiki."

Ta miƙa wa mushe abinsa. Ta saurari faifan sau ɗaya, ta yi murmushi inda muryarta ta fito da ƙarar dutsen niƙa, ta ce mai ƙahon ya samu sauƙi. Ba ta ƙara neman a kunna mata ba. Daga ranar ta rage magana, kuma duk wanda ya zo daga Yamai sai ta tambaye shi ko an ji labarin jikarta, ko lafiya take. Ni na ɗauka ciwon abin da aka yi mata ne yake cin ta, na ƙara ƙullatar yarinyar.

Gari kuwa ya samu abin yi. Matasa suka riƙa ce mata ranki ya daɗe in ta wuce. Har daga gidan maigari aka turo wani dattijo, ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ya tambaya wai ta wane ɓangare ne Goggo ta haɗa jini da sarauta, don su ba su da labari. Ta ce ya koma ya kwantar musu da hankali, gadon sarautarta toka ce, ba mai ƙwace musu rawani.

Ranar sadakar uku, ana rabon gumba da hantsi, motar ta tsaya. Na riga na tsaya a bakin zaure. Yarinyar ta fito cikin wata doguwar riga mai faɗi, fuskarta wankakkiya ba ko kwalli. Mai hoton yana bayanta, na'ura rataye a wuya.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Mama. Ɗan kaɗan kawai zan ɗauka, don masoyanta na can su yi mata addu'a. Kamfani yana so a sake fitar da faifan da sunan tunawa da ita."

"Addu'a ba ta bukatar hoto," na ce. "Abin ga ba shi shiga gidan ga."

Ya juya wurin maza yana neman mai goya masa baya. Yayana ya ɗago daga kan tabarma ya ce abin da ta faɗa shi ke nan. Ya mayar da na'urar mota. Amma ina shiga na hango shi ya zagaya ya tsaya jikin zanan da ya kewaye tsakar gida, wai yana neman inuwa, kan salularsa ya leƙo daga aljihun ƙirji.

Yarinyar ta durƙusa tsakiyar mata tana kuka. Ƙawar Goggo ta miƙa hannu ta jawo ta, ta lashi babban yatsanta ta goga a kumatun yarinyar na hagu, ta duba yatsan. Babu komai. Ni kuwa abin da na daɗe ina dafawa ya ƙi zama.

"Kin san mi kinka zana ma huskarki? Kin san mi kinka kai kasuwa? Ba sarauta ta ba. Tsagar wabi ta. Kakarki bisa juji anka yada ta, don ɗiyan uwatta mutuwa su kai. Hawayen uwa na kinka yi kwalliya da shi!"

Ta ɗago ta dube ni. Muryarta ƙasa-ƙasa ta fito.

"Na sani, Tanti. Kaka ce ta zana mini."

Ta share hawaye ta ci gaba.

"Ciki ya sha zube mini. Ɗaya na haifa, bai kai suna ba. Ko Baba ban gaya wa duka ba. Kaka tana ganina ta gane. Ranar da ta aike ki, ta zaunar da ni ta ba ni labarin jujin, ta ɗauki kwalli ta ja mini a karkace, ta lulluɓe ni da zanen. Ta ce ba magani ba ne, Allah ke rayawa, amma in tafi da shaidar cewa a gidanmu an taɓa yin wadda ta zauna. A mota na ɗauki hoton kaina don in riƙa dubawa. Mai hoton ya gani, ya tura wa kamfani. Suka ce bango ya samu. A can aka sake zana mini ita a miƙe, aka rubuta gimbiya. Na yi shiru."

"To tahi ki hwaɗa musu gaskiya," na ce. "Ki wanke kakarki."

"Tanti, in na faɗa, wannan za su fi sayarwa. Ba ki san su ba. Za su sa ni gaban na'ura in yi kuka, su rubuta a bango cewa ƴaƴana sun mutu. Gimbiya ƙarya ce, ba ta yi mini ciwo. Ƴaƴana kuwa ba na so a manna su a titi."

Hannun ƙawar Goggo ya sauko daga kumatun yarinyar zuwa kan faffaɗar rigar, ya tsaya a kan cikinta. Ashe juna biyu gare ta. Ta dube ta, yarinyar ta gyaɗa kai. Sai a lokacin na gane abin da ke damun Goggo da ta ce sun miƙe ta, da tambayar da ta yi ta yi har ta kwanta. Tsoro take ji wa yarinyar. Mai bakin nan ta Buza ta tashi ta shiga ɗaki ta damo fura ta ajiye gabanta.

Kada a ce na sauka gaba ɗaya. Mawaƙiya ce, kuka yana cikin aikinta, kuma shirun da ta yi aka kira kakarta da abin da ba ita ba har yanzu yana tsaye mini a wuya. Amma na san hannun Goggo. Ba ta taɓa korata daga ɗaki don a yi maganar banza ba, kuma ba ta taɓa ba da abin uwarta ga wadda ba ta binne ɗa ba. Wannan kam na yarda da shi.

Da za su tafi, mai hoton ya tare ni a bakin zaure. Idonsa har wani haske yake yi.

"Hajiya, wannan labari yana da ƙarfi. Ya fi na gimbiya nesa. Jujin nan, yana nan har yanzu? Hoto ɗaya kawai, ba mutum a ciki."

Ashe duk ya ji. Yarinyar tana bayana. Ta zo ta zare salular daga aljihunsa ba ta tambaye shi ba. Ya rantse bai ɗauki komai ba. Ta dai danna ta goge wani abu a gabanmu, ta ce masa da Faransanci wata magana gajeriya da ta sa murmushin ya ɓace. Ko akwai wani wurin da abin ya ɓuya a cikin na'urar, ni ban sani ba, kuma har yau abin yana damuna.

Duk da haka bai haƙura ba. Kafin direba ya tayar da mota ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi mai bakin Buza, ta ce ita baƙuwa ce. Ya tambayi yayana, ya ce wane juji. Ya tambayi dattijon gidan maigari, ya ce su a garin nan shara ƙonawa suke yi tun kakanni. Matasan da suka yi ta kiran Goggo ranki ya daɗe suka ce ba su taɓa jin zancen ba. Ƙawar Goggo kuwa ta manta Hausa gaba ɗaya. Garin da ya wuni ya kwana yana tauna sunan tsohuwar nan, ranar ba a sami mutum ɗaya da ya ɗaga yatsa ya nuna masa ba. Ya shiga mota da na'urarsa wayam.

Na rubuta wannan ne don waɗanda za su taso su ga faifai su ɗauka kakarsu gimbiya ce. Ba gimbiya ba ce. Jaririya ce da aka yar don a samu ta zauna, ta zauna har ta ga jikoki, ta ɗauki dutse, ta yi wa matan da suka rasa ƴaƴa niƙa. Yarinyar ta yarda in rubuta da sharaɗin kada in sa sunan kowa, ko na garin, na kuwa cika mata. Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka kabarinta, ya sada ta da ƴan'uwanta da suka riga ta tun suna goye. Allah ya sauki jikarta lafiya, ya raya abin da za ta haifa.

Jujin yana nan. Kullum da safe ta gefensa nake bi in je rijiya. In kai mai karanta wannan kana da na'ura a aljihu ka zo kana tambaya, za mu ba ka ruwa ka sha, mu yi maka rakiya har bakin hanya.